Kunyar da Ba Za Ka Tafi da Ita Zoza Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga Tudun Kaya, zuwa gare ka, kai da ka san kanka.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka fatan sauka lafiya. Allah ya sa motar da ta ɗauke ka daga ƙofar gidan nan ta sauke ka Zoza ba tare da ko ƙwarzane ba. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin mai sharri. Ka gaishe mini da Kawunka Sale da matarsa Asabe da yaran gidan gaba ɗaya.

Kada ka duba saman takardar nan ka ce Yaya ta manta ba ta sa sunanka ba. Ban manta ba. Kai ne ɗan fari, sunanka bai taɓa fita daga bakina ba, ba kuwa yau alƙalami zai koya mini rashin kunya ba. Haka muka tashi muka tarar. Tun kana ɗan yaye kakarka Inna Kulu ta ɗauke ka ta kai ɗakinta, ka tashi kana ce mata Inna, ni kuma kana ce mini Yaya kamar yadda ka ji ƙannena suna faɗa. In za mu yi magana, ni ina kallon murhu, kai kana kallon ƙasa. To maganar da ke cikina yau ta fi ƙarfin kallon murhu, shi ya sa na ɗauko takarda na cusa maka a ƙarƙashin rigunanka. Na san ba a fafe gora ranar tafiya. Sai dai gorar nan na daɗe ina fafe ta a zuciya, miƙa maka ne kawai ya zo a makare.

Abu ɗaya nake tsoro, kuma gara in faɗe shi tun a nan: kai da ɓoye ciwo. Ka gado shi wajen babanka, ka ƙara da nawa. Mutum mai cikakkiyar lafiya in ya ɓoye ciwo, wahala zai sha ya tashi. Kai in ka ɓoye, ranka ne a kai. Zan tuna maka wuraren da ni na yi tuntuɓe a jinyarka, don kada ka je garin mutane ka sake taka su.

Lokacin da aka sallamo ka daga asibiti a Kano, bayan faɗowar da ka yi daga saman motar masara, ni a tunanina ƙafafu kaɗai aka karɓe mana. An ce laka ta taɓu a tsakanin kafaɗunka, hannuwa sun tsira, amma daga ƙirji zuwa ƙasa babu ji, babu motsi. Na yi kukana a bayan ɗaki, na share hawaye, na ce to Alhamdu lillahi, sauran jikin dai namu ne. Da wannan tunanin na buɗe ƙofa ga 'yan dubiya.

Ka tuna yadda gidan nan ya koma. Mutanen Kwanyawa, dangin babanka na cikin Karaye, nawa dangin na wajen Rogo, abokan karatunka, abokan lodinka na kasuwa, kowa ya zo. Ɗakin ya cika har numfashi ya yi wuya. Kowa sai ya kama hannunka, dattawa su sunkuyo su yi maka tofi a fuska, mata su zauna bakin gado da goyonsu. Ƙarshen damina ne, mura ta zagaye gari, rabin masu zuwa suna jan hanci. Ni kuwa ina madafi ina ta dama kunu, raina fari ƙal, ina cewa ashe muna da mutane haka. Gaskiya har alfahari na ji. In wata ta tashi tafiya da wuri, ni ce mai cewa, “Haba, tun yanzu? Ki koma ki zauna, ai yana jin daɗin ganinku.”

Murar ta kama kowa a gidan. Babanka ya sha citta da lemun tsami ya tafi gona abinsa. Ni ko kwanciya ban yi ba. Kai kuwa ta sauka maka a ƙirji ta ƙi tashi. Kana son yin tari, tarin ba ya fita, sai wani ɗan kaki-kaki a maƙogwaro. Kafin mu farga numfashinka ya koma sama-sama, leɓenka ya canza. Muka sake kwasar ka sai Kano, aka ce limoniya ce.

A can na yi wa likitar tambayar da har yau in na tuna sai in yi wa kaina dariya. Na ce, “Likita, yaron nan a baya ciwonsa yake. Me ya haɗa baya da huhu?”

Ta ja kujera ta zauna, ta ce, “Mama, laka ba ƙafa kaɗai take aika wa saƙo ba. Tana aika wa saifa, da ɓargo, da sauran wuraren da jiki ke tanadin abin da yake yaƙar cuta da shi. Da ta taɓu, saƙon ya rikice. Wani ba ya isa, wani ya isa a hargitse, har jiki ya riƙa rage mayaƙansa da kansa. In ciwon ya yi sama kamar nasa, abin ya fi tsanani. Ga shi kuma naman cikin da ake tari da shi ba ya aiki, sai majina ta kwanta a huhu.”

Babanka ya ce, “Wato garkuwar jikinsa ta yi rauni ke nan.”

Ta ce, “Ta yi, Baba. Kuma kada ku zauna jiran ranar da za ta koma yadda take. Abin da zai ba ku atishawa, shi yana iya kwantar da shi.”

A mota muna dawowa na yi ta juya maganar har na gane ta da irin tawa fahimtar. Kamar unguwa ce mai 'yan sintiri, suna nan ba su mutu ba, amma an yanke hanya tsakaninsu da mai unguwa. Ɓarawo zai shiga ya gama abin da yake yi kafin su ji labari, in ma sun fito ba su da yawan da suke da shi a da.

Da muka dawo gida babanka ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinka daga waje. Duk wanda ya zo da tari ko mura sai ya ce masa, “Yi addu'arka daga nan, Malam, Allah yana ji.” An yi ta maganarmu a gari. An ce mun je Kano mun koyo ƙyamar mutane. Wata 'yar'uwata ta yi fushi ta daina shigo mana har aka yi sallah biyu. Abin ya yi mini zafi, amma ba ka sake kwanciya da huhu a shekarar ba.

To yanzu ga shi za ka zauna a zauren Kawunka kana yi masa rubutu, shi da yake taya dagaci aikin jama'a. Duk mai rigimar iyakar gona, duk mai neman shaida, duk mai kawo ƙara, ta gabanka zai wuce, kuma hannu zai miƙo. Ban ce ka zama marar gaisuwa ba, Allah ya kiyaye, ba haka aka rene ka ba. Amma in ka ga mutum yana tari, ka dafa ƙirji ka gaishe shi da fara'a, ka tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, zai manta ba ka ba shi hannu ba. Ka sa a ajiye maka kekenka na guragu kusa da ƙofa inda iska ke ratsawa. Buta da sabulu su zauna kusa da kai, kada ka kai loma baki sai ka wanke hannu. Lokacin da mura ke yawo ka sa takunkumi a fuska, ko za a ce kana iyayi. Wanda ya ce kana iyayi ba shi zai kwana riƙe da kai a asibiti ba.

Maganar ruwa kuwa, ni da kai muka haɗu muka ɓata, amma ni ce babba, don haka nawa kason ya fi. Ka san yadda robar fitsarin da aka sa maka a asibiti ta dame ka da farko. Ba ka taɓa cewa komai ba, amma na lura in lokacin salla ya yi sai ranka ya ɓaci, ka yi ta duba tufafinka, ka yi ta neman a canza maka wando. Kana ganin ba ka da tsarki. Ni kuma a wautata na ce bari in rage maka wahala. Na rage kokon safe, na rage fura, na daina ajiye maka ruwa a gefen gado sai in ka nema. Kai kuma ba ka nema. Kowa yana ganin ya kyauta wa ɗan'uwansa, har ina jin daɗi wai wanki ya ragu.

Na ga fitsarin ya yi duhu, daga baya ya gurɓace kamar ruwan tsari, yana wari. Na gani da idona, amma na ce ai ciwo da zazzaɓi yake zuwa, ko da zafi. Sai in ce wa Inna Kulu, “Inna, taɓa jikin yaron nan ki ji.” Ta taɓa ta ce, “Sanyi ƙalau, ke dai kin cika tsegumi.” Kai kuma ba ka jin komai a mararka balle ka faɗa. Muna nan muna jiran zazzaɓi ya zo ya yi mana sallama, ashe cutar ta daɗe da shiga.

Ranar da abin ya fashe, da rana tsaka ne. Ka kama kai kana cewa zai tsage, gumi yana zuba daga fuskarka da wuyanka, hancinka ya toshe, ƙafafun da ba sa motsi suka kama harbawa da kansu. Inna Kulu, Allah ya jiƙanta, ta ce iska ce, ta tashi neman garwashi da turare. Babanka ya ce, “Inna, a yi turaren a mota.” A asibiti aka ce cuta ce ta kama mafitsara tana neman hawa ƙoda, kuma ciwon kai da gumin nan, jinin ne ya hau lokaci guda, abin da ke iya kashe mutum in aka yi wasa. Aka ce jiki irin naka ba ya kuka yadda namu ke yi. Wani lokaci zazzaɓin ya zo a makare, wani lokaci sai dai kasala, ko gumi, ko harbin ƙafa ya ƙaru.

Da muka dawo, babanka ya je ya sami liman ya faɗa masa dalilin ƙin shan ruwan. Liman ya taso da kansa har ƙofar ɗakinka, ina jin sa daga madafi yana cewa, “Kai yaro, wa ya ce maka Allah yana son ka da ƙishirwa? Mai lalura irin taka an ɗauke masa. Yi alwalarka ka yi sallarka, abin da ya fita ba da ikonka ba, ba a tambayar ka shi.” Ka ga, da tun farko mun buɗe baki mun tambaya, da ba mu je ko'ina ba.

Saboda haka ka sha ruwa. Ko kana tsakiyar mutane, ko za ka fita sau nawa ka zubar da jakar fitsarin, ka sha. Kowace safiya ka kalli fitsarinka kamar yadda babanka ke kallon sama da damina. In ya canza launi, ko ya yi wari, ko ya ragu, ranar za ka faɗa, kada ka ce bari mu ga gobe. In ciwon kan nan da gumi suka taso, ka zauna a miƙe, kada ka kwanta, ka sassauta duk abin da ya matse ka, a duba ko robar ta lanƙwashe ko ta toshe, in bai sauka nan take ba a nemi mota. Watan azumi in ya zo, kada ka yanke wa kanka hukunci don kada yaran gidan Kawu su gan ka kana ci. Ka tambayi likita, ka tambayi malami, abin da suka ce shi ke nan.

Ga wata 'yar ƙaramar wauta da na yi a kan wannan, ita ma ka ji ta. Maganin da aka ba mu, da na ga ka warware sai na tsayar, na ƙulle sauran a leda na jefa cikin kwanon samira, wai saboda gaba. Cutar ta dawo, maganin kuma ya ƙi ci, sai da aka canza wani mai ƙarfi ta allura. In an rubuta maka magani ka shanye shi tas. Kada kuma ka aika kyamis a haɗo maka ja da rawaya don wani ya ce shi ya sha ya warke.

Yanzu na zo inda alƙalamin ke yi mini nauyi.

Muddin Inna Kulu na da rai, ita ke juya ka, ita ke goge maka baya, ita ke ganin abin da ni ba na gani. Da Allah ya karɓi abarsa, sai aka bar mu ni da kai da babanka, shi kuma lokacin kaka ya kama, daga asuba yana gonar gyaɗa sai magariba. Ni sai in dafa ruwa, in sirka, in ajiye a bakin ƙofa, in ce, “Ga ruwa nan,” in juya. Kai ka goge inda hannunka ya kai, inda bai kai ba ka bar wa Allah. Ga shi lokacin ka sami keke, daɗi ya kama ka, ka wuni a ƙofar gida kana hira da samari ba ka ko gyara zama.

A zanin gado na fara ganin alama, ɗan tabo kamar na ruwa-ruwa da jini. Na ce wa babanka ya tambaye ka. Ya leƙa ya ce, “Akwai abin da ke damun ka?” Ka ce, “Babu, Baba, lafiya lau.” Ya fito ya ce mini, “Kin ji, ya ce lafiya lau.” Kai ka ga tabon nan kamar yadda na gan shi, har ninke zanin kake yi ta wajen. Ni kuma na karɓi “lafiya lau” ɗin da hannu biyu, don ta fi mini sauƙi a kan in shiga ɗakin ɗan fari in ce ya buɗe jikinsa. Haka muka yi ta yi wa juna kara, tabo yana faɗi, har wari ya fara fitowa tsakar gida.

Da hantsi ne na ajiye tsintsiya na shiga. Na ce, “Juya.”

Ka ce, “Yaya, bari Baba ya dawo.”

Na ce, “Na ce ka juya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

Ka ja mayafi ka rufe fuskarka, na tura ka gefe. Abin da na gani ba zan rubuta shi ba, kai ma daga baya an nuna maka a madubi. Rami ne a mazauninka, ya ci nama ya yi zurfi. Na zauna a ƙasa. Ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba. Na haife ka, ina kwana taku kaɗan daga inda kake, nama yana ruɓewa a jikinka, ni kuma ina tsare mutuncin al'ada.

Gyambon nan ya ci mu watanni. Likita ta ce saura kaɗan cutar ta shiga jini, ta ce jiki irin naka ba ya saurin haɗe ciwo, kuma fata ita ce katangar da ta rage maka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kai kuwa in ya shiga babu mai korar sa da wuri. Tun daga nan ni ke wanke maka kowace safiya. Kai ka kalli bango, ni in kalli ciwo. Mata suka yi ta cewa wance ta zubar da kunyar ɗan fari. Na ce a bar su su faɗa, kunyar da na riƙe a baya me ta tsinana mini?

Kada ka ɗauka ina zagin kunya ne. Kunya ado ce, ita ta sa ake sha'awar ka a garin nan. Amma akwai wadda ba taka ba ce yanzu, kuma ita nake so ka sauke a Tudun Kaya kafin ka shiga Zoza. Na san zaman zauren manya. Dattawa za su ɗauko magana tun hantsi, a yi ta ja har azahar, yaro kuma ba ya motsi, ba ya fita kafin manya su tashi. Kai za ka motsa. Ko dagaci ne da kansa yake magana, ka dafa hannuwan keke ka ɗaga jikinka, ka jirkita dama, ka jirkita hagu, ka yi ta yi a kai a kai. Da rana ka nemi izini ka shiga ciki ka kwanta a gefenka, mazauni ya huta. Matashin da aka ba ka na zama, kada ka ba baƙo shi don girmamawa, na san halinka. Safe da yamma ka duba bayanka da madubin da na sa maka a jaka. Inda madubi bai kai ba, Kawunka zai duba. Na riga na yi magana da shi, na ce, “Sale, ba ɗan rubutu kaɗai na ba ka ba, har da bayansa.” Ya ce, “Yaya, yaron da na ɗauka a wuya ba ko wando, yau ne zai ji kunyata?” To ka ji. In ka ga wuri ya yi ja ko ya yi duhu, ya ƙi komawa, kada ka sake zama a kansa sai ya warke, ko aikin duniya ne ke jiran ka.

Sauran ƙananan ka san su, amma uwa ba ta gajiya da maimaici. Ka kwana cikin gidan sauro ko ana zafi, don zazzaɓin da yaran Kawu za su yi wasa da shi kai zai iya kayar da kai. Ka ci abinci sosai, wake, ƙwai, zogale, nama in an samu, kada ka ce kai baƙo ne ka ɗan taɓa ka ture kwano. Asabe ba mai rowa ba ce, kuma na gaya mata in ka rage ta kira ni. Kada ka bari a ajiye kaskon wuta ko ruwan zafi kusa da ƙafarka, sai ka ƙone ba ka sani ba. Ranar komawarka asibiti kada ta wuce, ko kana jin kanka garau, kuma ka tambaye su ko akwai allurar rigakafin da ta dace da kai. In Allah ya kawo maganar aure, na kuwa san zai kawo, don na ga yadda wayarka ke yawan haske kwanan nan kana juya mata baya, to yarinyar ta san duk abin da ke cikin takardar nan kafin a kai goro.

Ka san da farko ban so tafiyar nan ba. Da Kawunka ya zo da maganar, cewa na yi a'a, wa zai kula da shi? Kai ne ka ce, kana kallon ƙasa, “Yaya, ba zan ƙare rayuwata ina ƙirga azarar ɗaki ba.” Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Ka yi karatunka, hannunka yana da kyau, kanka yana ja, mutane suna jin daɗin magana da kai. In na riƙe ka a nan don tsorona, na zama ciwo na biyu a kanka. Ka tafi, ka yi aiki, a san ka da gaskiya da riƙon amana, kada ka karɓi abin kowa don ka karkata alƙalami. Ina alfahari da kai, ko da yake ba za ka taɓa jin haka daga bakina ba.

Jiya da la'asar ka turo kekenka har ƙofar ɗakina, ka sunkuyar da kai ka ce, “Yaya, zan tafi, ki yafe mini.” Na amsa daga bayan labule na ce ba ka yi mini komai ba, na yafe maka duniya da lahira. Wannan magana tana nan, ban janye ko kalma ɗaya ba. Dawainiya, da wanki, da zaman asibiti, duk ban ɗauke su bashi ba, da za a sake da na sake.

Amma wancan yafiyar ta abin da ya wuce ce. Akwai abu ɗaya da ba ka yi ba tukuna, kuma ina so ka san matsayinsa tun kafin ka yi shi. In ka ga alama a jikinka, a fitsari ne, a fata ne, a numfashi ne, ka rufe bakinka don kada ka ɗaga wa Kawunka hankali, ko don kada a ce ɗan 'yar'uwarsa ya zame masa kaya, ko don kada ni in ji in damu, har abin ya kai inda ba a dawowa, to ban yafe ba. Ban taɓa faɗa wa wani ɗa nawa wannan kalma ba. Ka tashe su ko suna tsakiyar cin tuwo. Ka kira ni ko ina gidan biki. Gara a kai ka asibiti sau goma a ce ba komai, mu dawo muna yi maka tsiya.

Allah ya tsare mini kai a zaune da kwance. Allah ya ƙarfafa abin da ya yi rauni a jikinka, ya kore maka cutar da ake gani da wadda ba a gani, ya sa albarka a aikinka da abincinka. Allah ya ba Kawunka da iyalinsa ladan riƙo. Babanka yana sa maka albarka, ƙannenka suna gaishe ka.

Iyaye kan roƙi Allah ya sa 'ya'yansu ne za su ɗauki makararsu. Ni ban roƙa maka wannan ba, na san hali. Abin da nake roƙo shi ne, ranar da za a fita da ni daga gidan nan, kana zaune a ƙofar gida a kan kekenka, da furfura a gemunka, kana karɓar gaisuwa.

Wassalamu alaikum.

Ni ce,
wadda kake ce wa Yaya.